Yoyo A Cibiyar Kwamfuta Da Ɓarnar Da Ke Biyo Bayansa

Laccar da aka gabatar a zauren taro na Ƙungiyar Ɗalibai



Muna godiya ga kwamitin da ya shirya wannan zama saboda damar da ya ba mu, ko da yake sa'ad da muka faɗi kan maganar da muka zaɓa sai da wasu daga cikin 'yan kwamitin suka dubi juna. Suka ce, a wannan zamani da ake ta labarin 'yan kutse masu kwashe kuɗin banki da masu garkuwa da bayanan asibitoci, me ya kai mu ga maganar yoyo? Ai yoyo sha'anin mai gyaran famfo ne. To, amsar wannan tambaya ita ce laccar tamu baki ɗaya. Muna so mu nuna cewa akwai wani irin kuskure a cikin manhajar kwamfuta wanda ba ya tsayar da aiki kuma ba ya nuna wata alama a ranar da aka yi shi, har masana da kansu suka daɗe suna ɗaukarsa ƙazanta ce kawai, amma idan ya faɗa hannun wanda zai iya maimaita shi yadda ya ga dama, sai ya zama mabuɗin gidan gaba ɗaya. Maganar kuwa ta shafi kowa, domin duk wanda ke da wayar Android a aljihunsa a cikin wannan zaure yana ɗauke da irin cibiyar da za mu yi magana a kanta.

Bari mu fara da ita cibiyar. Kowace kwamfuta, ko ta tebur ce, ko waya, ko kuwa manyan injunan da ke riƙe da shafukan intanet waɗanda ake kira uwayen garke, tana da babbar manhaja da ke gudanar da ita, kamar Windows ko Linux. A can tsakiyar babbar manhajar akwai wani sashe da masana ke kira kanal, mu kuwa za mu kira shi cibiya. Ita ce ke da ikon taɓa sassan na'ura kai tsaye. Sauran manhajoji duka, daga wadda ake aika saƙo da ita har wadda ake kallon hoto, baƙi ne masu roƙo: wannan ta ce a ba ta wuri a cikin ƙwaƙwalwa, waccan ta ce a buɗe mata fayil, wata ta ce a haɗa ta da layin sadarwa. Cibiya ce ke bayarwa, ita ce ke rubutawa, ita ce kuma ke karɓa idan an gama. Watau ma'aji ce, kuma dukiyar da ke hannunta ƙidayayya ce. Ƙwaƙwalwa tana da iyaka, yawan fayilolin da za a iya buɗewa yana da iyaka, haka ma yawan ayyukan da za su gudana a lokaci guda. Abin da muke kira yoyo shi ne a ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan kaya, a gama amfani da shi, a kasa mayar da shi, har ya zamana babu mai mora kuma babu halin a ba wani.

Idan ƙaramar manhaja ce ta yi yoyo, abin da sauƙi. Cibiya tana riƙe da lissafin duk abin da ta ba ta, saboda haka da zarar an rufe manhajar sai ta bi lissafin nan ta kwashe kayanta tsaf, kamar yadda mai kula da ɗakunan kwana ke karɓe katifa da mabuɗi a ƙarshen zango, ko ɗalibi ya so ko bai so ba. Amma idan ita cibiyar ce da kanta ta manta, wa zai bi bayanta? Babu wani ma'aji a sama da ita. Abin da ta ɓatar ya ɓata ke nan har sai an kashe na'urar an sake kunnawa. Bugu da ƙari, ƙwaƙwalwar da cibiyar Linux ke ɗiba don kanta ba a iya kwashe ta a jingine a faifai na ɗan lokaci kamar yadda ake yi wa ta sauran manhajoji; inda aka ajiye ta nan za ta zauna.

Me ya sa cibiya ke mantuwa? Tilas mu ɗan waiwayi tarihi. Cikin shekarar 1969 ne Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara babbar manhajar Unix a ɗakunan bincike na Bell a Amurka, a 1973 kuma aka sake rubuta cibiyarta da harshen C. Sa'ad da Linus Torvalds ya fara Linux a 1991, yana ɗalibi kamarku a Jami'ar Helsinki, da wannan harshe ya rubuta ta. Shi harshen C ba shi da mai shara. Akwai harsunan da ke da shi, tun daga Lisp na John McCarthy wajen 1960, inda wani sashe yakan zagaya lokaci lokaci ya tattara abin da aka daina amfani da shi. Cibiya ba ta iya jiran mai shara ya gama zagayensa alhali saƙonni na kwararowa daga layi, don haka a cikinta duk abin da aka ɗauka sai marubuci ya rubuta da hannunsa inda za a mayar da shi. A farkon 2025 rubutun cibiyar Linux ya haura layi miliyan 40, mafi yawansa direbobi ne, watau sassan da ke magana da kyamara da faifai da katin sauti da sauran na'urori, kuma dubban mutane ne suka rubuta shi a shekaru daban daban.

Yanzu ku ɗauki wani ɗan aiki a cikin cibiya wanda ke bukatar abubuwa uku kafin ya cika: ya ɗibi wuri a ƙwaƙwalwa, ya riƙe wani fayil, ya kuma kulle wata ƙofa don kada wani aiki ya shigo masa. Idan komai ya tafi daidai, zai yi aikinsa ya mayar da ukun. Amma ana iya samun na farko a rasa na biyu. Nan tilas a mayar da na farko kafin a janye. Ana iya samun biyu a rasa na uku. Nan tilas a mayar da biyun, daga na baya zuwa na farko. Aikin da ke bukatar abubuwa goma yana da hanyoyin janyewa goma, kowacce da nata jerin. Marubutan Linux sun saba jera waɗannan a ƙarshen aikin kamar matakalar bene, su yi amfani da umurnin tsallake da ake kira goto su diro a matakin da ya dace. Ɗaliban lissafi da ke nan za su tuna an koya musu ƙyamar wannan umurni tun daga wasiƙar da Edsger Dijkstra ya rubuta a 1968, amma ƙa'idar rubutun Linux ta yarda da shi a wannan wuri, kuma muna ganin da gaskiyarta, domin matakala ɗaya ta fi sauƙin dubawa a kan jeri goma da aka warwatsa. Sai dai wanda ya diro mataki ɗaya ƙasa da inda ya kamata, ya bar abu a baya ke nan. Babbar matsalar ita ce waɗannan hanyoyi ba safai ake bin su ba. Mai gwaji yakan gwada lafiyayyar na'ura mai wadatar ƙwaƙwalwa, ya ga komai na tafiya, ya sa hannu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Shi kuwa ɗan kutse sana'arsa ke nan, ya tura wa cibiya gurguwar buƙata da gangan don ya tilasta mata bin hanyar da ba kowa ke bi ba.

Ɓarnar da kowa ya fi saurin ganewa ita ce ƙarewar kaya. Mu yi ɗan lissafi na misali. A ce akwai kiran da duk sa'ad da aka yi shi cibiya ke ɓatar da kilobait 1. Idan sau ɗaya ne rak yake faruwa, lokacin da ake kunna na'ura, babu wanda zai taɓa sani har na'urar ta tsufa. Amma idan kowace manhaja marar gata tana iya yin kiran sau 100,000 a daƙiƙa, to gigabait 8 za ta ƙare cikin daƙiƙa 80. Ɗigon ɗaya ne a wuraren biyu, abin da ya bambanta shi ne wanda ke riƙe da kan famfon. Abin da ke biyo baya kuwa yana da ban takaici. A cikin Linux akwai wani sashe da ke farkawa idan ƙwaƙwalwa ta ƙare, aikinsa shi ne ya zaɓi manhaja ɗaya ya kashe don a sami sarari. Mu kira shi hauni. Hauni yakan duba wa ya fi kowa cin wuri. To, kayan da suka yoye ba a rubuce suke da sunan kowa ba, saboda haka ɗan kutse yana tsaye a gefe da 'yar manhajarsa marar nauyi, hauni kuwa ya kama rumbun bayanan banki ko na rajistar ɗalibai ya sare, don shi ne mai ƙiba. Ɗan sararin da aka samu yoyo ya sake cinye shi, hauni ya kama na gaba, har ya rasa wanda zai kashe, cibiya ta tsaya cik.

Wannan tambaya ta wa ke riƙe da famfo ita ce ta haddasa gardama a watan Nuwamba na 2019. Akwai wani kundi na duniya da ake kira CVE, wanda aka buɗe tun 1999, inda ake ba kowane raunin tsaro lamba tasa. A wannan wata aka shigar da gomman lambobi a jere, dukansu na yoyon ƙwaƙwalwa a cibiyar Linux, yawancinsu a hanyoyin janyewa na direbobi, kuma masu bincike na Jami'ar Minnesota ne suka gano akasarinsu. Yawancinsu kurakurai ne na gaskiya, an kuwa gyara su. Amma wasu masu kula da cibiyar da kamfanonin da ke rarraba ta sun ƙi yarda a kira wasu daga ciki raunin tsaro, suna cewa wanda zai iya tayar da su sai ya riga ya mallaki cikakken iko a kan na'urar, kuma wanda ke da wannan iko ba ya bukatar yoyo kafin ya kashe ta. A kan waɗannan dai muna tare da su. Inda muke rabuwa da masu irin wannan ra'ayi shi ne idan aka mai da shi ƙa'ida, aka ce yoyo iyakarsa ɓarnar wuri. Shekara uku kafin wannan gardama an riga an ga abin da ya ƙaryata haka, kuma a kansa muke so mu ɗan zauna.

Wasu kayan cibiya ba mai riƙo ɗaya gare su ba. Fayil guda yana iya kasancewa a buɗe a hannun manhajoji biyar, kuma bai kamata a rufe shi ba sai ta biyar ta saki. Dabarar da ake bi tsohuwa ce, George Collins ya bayyana ta tun 1960: a liƙa wa kowane abu ƙidaya, duk wanda ya riƙa a ƙara ɗaya, duk wanda ya saki a rage ɗaya, idan ta kai sifiri a 'yantar da wurin a ba wani. Kuskure iri biyu ake iya yi a nan. Ana iya ragewa ba tare da an ƙara ba, sai a 'yantar da abu alhali wani na riƙe da shi. Wannan kowa ya san haɗarinsa. Ana kuma iya ƙarawa a manta ragewa, sai ƙidayar ta ƙi kai wa sifiri, abin ya zauna har abada. Wannan shi ne yoyo, shi ne kuma aka raina.

A watan Janairu na 2016 wani kamfanin tsaro na Isra'ila mai suna Perception Point ya bayyana raunin da aka ba lamba CVE-2016-0728. Yana cikin sashen Linux da ke ajiye mabuɗan sirri da shaidun shiga a cikin wani abu mai kama da zoben mabuɗai. Idan manhaja ta nemi a haɗa ta da wani zobe, cibiya takan nemo shi, ta ƙara ɗaya a ƙidayarsa, ta yi aikin, sa'an nan ta rage. Amma idan zoben da aka nema shi ne wanda manhajar ke ciki tun farko, sai cibiya ta ga babu abin yi, ta fita ta gajeriyar hanya, ta tsallake ragewar. Iyakar kuskuren ke nan. Ko bait ɗaya na ƙwaƙwalwa ba ya ƙaruwa, lamba ce kawai ke hawa. An shigar da shi a 2012, ya fito cikin Linux 3.8, ya yi ta zamansa kimanin shekara uku babu wanda ya kula.

To, ita lambar a cikin gurbi mai bit 32 take zaune, kuma irin wannan gurbi adadi 4,294,967,296 kaɗai yake iya ɗauka. Wanda ya taɓa shiga tsohuwar motar haya ya san ma'aunin tafiya da ke gaban direba: idan ya cika tara tara har ƙarshe sai ya juye ya koma sifiri, tsohuwar mota ta zama kamar yau aka fito da ita. Haka ƙidayar kwamfuta take. Wannan adadin ne ya sa Windows 95 ke iya sandarewa bayan kwana 49.7 tana aiki ba hutu, domin akwai ƙidayar da ke lissafin lokaci da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ko da yake a wancan zamani na'ura ƙalilan ce ke kai wannan kwanaki ba ta faɗi don wani dalilin ba. Mutum da zai ƙirga lamba ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ya shekara 136 kafin ya kai. Su masu binciken sun ce a kan kwamfuta mai injin Intel Core i7 sun kai cikin kimanin minti 30, watau kira kusan miliyan biyu da dubu ɗari huɗu a kowace daƙiƙa.

Sa'ad da ƙidayar ta juye ta koma sifiri, sai cibiya ta ɗauka babu sauran mai riƙe da zoben, ta 'yantar da wurinsa. Ku kwatanta da ɗakin kwana: littafin mai kula ya nuna ɗaki babu kowa, ya sa shi cikin jerin waɗanda za a raba, alhali tsohon mai ɗaki yana nan da mabuɗinsa a aljihu. Ɗan kutse sai ya yi maza ya roƙi cibiya wuri mai girman wancan daidai don ajiye wani saƙo nasa, ita kuwa bisa al'adarta ta ba shi wurin da ta 'yantar yanzun nan, ya cika shi da abin da ya tsara. Sa'an nan ya fito da tsohon mabuɗin ya ce a soke masa zobensa. Cibiya ta je wurin tana zaton zobe ne, ta karanta adireshin umurnin da ake bi wajen sokewa, ta bi shi, ba ta san ɗan kutse ne ya rubuta adireshin ba. Umurnin da ta tarar a can shi ne na naɗa shi mai cikakken iko a kan na'urar, kuma da ikonta na cibiya ta zartar. Ashe kuskure na biyu da aka raina, idan aka maimaita shi sau biliyan huɗu da ɗoriya, rikiɗa yake ya zama na farko da ake tsoro. Raina kama ka ga gayya.

Adalci ya sa mu faɗi cewa an yi jayayya a kan faɗin ɓarnar. Kamfanin ya ce abin ya shafi kwamfutoci miliyoyi da kashi 66 cikin ɗari na wayoyin Android. Google ya ce adadin wayoyin bai kai kusa da haka ba, domin daga Android 5.0 akwai shingen SELinux da ke hana baƙin manhajoji isa ga wannan sashe, yawancin tsofaffin wayoyi kuma cibiyarsu ta girmi 3.8. Akwai kuma kariyar da sababbin injuna ke da ita wadda ke hana cibiya zartar da umurnin da ke zaune a ɓangaren baƙi, abin da ke ƙara wa ɗan kutse wahala. Amma babu wanda ya musa asalin raunin. Facin da aka yi masa kuwa layi ɗaya ne tak, layin ragewar da aka manta.

Maganin da aka yi wa wannan iri na rauni gaba ɗaya shi ne abin da ya fi ba mu sha'awa a cikin labarin. Masu aikin PaX, waɗanda suka daɗe suna ƙera wa Linux ƙarin sulke a wajen babban reshe, sun riga sun sa tsaro a kan juyewar ƙidaya shekaru kafin nan. A 2017, cikin Linux 4.11, aka shigar da sabuwar irin ƙidaya wadda Peter Zijlstra ya rubuta, Elena Reshetova da abokan aikinta kuma suka yi ta bin sassan cibiya suna sauya tsofaffin ƙidayoyi da ita ɗaya bayan ɗaya. Halinta shi ne idan ta kai maƙura sai ta kafe a nan, ba ta juyewa, ba ta kuma sake sauka ko an saki, ta kuma rubuta gargaɗi. Ma'anar wannan ita ce ba za a taɓa 'yantar da abin ba. Watau masu cibiya da kansu suka zaɓi yoyo da gangan, suka yarda a yi hasarar 'yan baitoci har ranar da za a sake kunna na'ura, a kan a miƙa ɗaki ga baƙo alhali tsohon mabuɗi na yawo. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Har ila yau, akwai ƙidayoyin da suka juye ba tare da an manta komai ba. An daɗe ana zaton babu mai iya riƙe abu ɗaya sau biliyoyi ta halastacciyar hanya, tun da kowane riƙo yana cin wuri, ƙwaƙwalwa za ta ƙare kafin a kai. Jann Horn, mai bincike a Google, ya nuna wannan zato ya tsufa: a 2016 ya sami irin wannan juyewa da ke yiwuwa a na'ura mai fiye da gigabait 32, a 2019 kuma ya sami wata a ƙidayar shafukan ƙwaƙwalwa wadda ke bukatar kimanin gigabait 140. Sa'ad da aka rubuta waɗannan sassa irin wannan girma mafarki ne. Yau uwayen garke da yawa sun wuce shi. Rubutun bai sāke ba, farashin ƙwaƙwalwa ne ya sauka ya buɗe ƙofar.

Akwai kuma yoyon da abin da ke zuba a cikinsa izini ne. Idan cibiya ta buɗe wa manhaja fayil, takan ba ta wata 'yar lamba kamar tikiti, kuma a lokacin buɗewa ne ake binciken ko tana da izini. Bayan nan duk mai riƙe da tikitin ya wuce. Bisa tsohuwar al'adar Unix, manhajar da ta haifi wata takan gadar mata da dukan tikitinta sai wanda aka yi wa alamar rufewa. Sai a 2007, cikin Linux 2.6.23, aka samar da hanyar sa wannan alama a daidai lokacin buɗewa, domin kafin nan akwai 'yar tazara tsakanin buɗewa da sa alama wadda tikiti ke iya sulalewa a cikinta. A ƙarshen Janairun 2024 kamfanin Snyk ya bayyana cewa runc, manhajar da Docker da Kubernetes ke dogara da ita wajen killace ayyuka a cikin kwantena, tana barin tikitin wani wuri na uwar na'ura a buɗe, har wanda ke cikin kwantena ya bi ta nan ya fito fili. Laifin na runc ne, amma dokar gadon da ta sa mantuwa ta zama ƙofa ta cibiya ce.

Game da kayan farauta ba za mu tsawaita ba. Tun 2009 Linux ke da kmemleak, na Catalin Marinas, wanda ke zagaya ƙwaƙwalwar cibiya yana neman marayun wurare da babu wani adireshi da ke nuna su. Akwai syzbot na Google, wanda dare da rana ke jefa wa cibiya kiraye-kiraye barkatai, yana kuma sa neman ƙwaƙwalwa ya gaza da gangan don a bi hanyoyin janyewar nan da ba a bi. Waɗannan suna kama abin da ya riga ya faru ne. Mun fi ba da muhimmanci ga abin da ke ɗauke nauyin tunawa daga kan marubuci. Tun 2007 direbobi ke da tsarin da ke ɗaure kaya ga na'urar da aka ɗebo su dominta, su saku da kansu idan ta tafi. A 2023, cikin Linux 6.5, aka kawo hanyar da mai fassara harshen C ke sa umurnin mayarwa da kansa a kowace mafita ta aiki. A ƙarshen 2022 kuma, cikin Linux 6.1, aka buɗe wa harshen Rust ƙofa, wanda a cikinsa kowane abu yana da mai shi guda, yana kuma sakuwa idan mai shi ya gama. Sai dai kada a ruɗe mu: masu Rust da bakinsu sun ce harshensu bai yi alkawarin hana yoyo ba, abin da ya yi alkawari shi ne hana amfani da wurin da aka riga aka 'yantar. Wannan shi ne zaɓin da masu ƙidaya mai kafewa suka yi. Sa'an nan miliyoyin layukan da aka riga aka rubuta da C suna nan, babu mai sake su a shekara ɗaya ko goma.

A watan Fabrairu na 2024 masu kula da cibiyar Linux suka karɓi ikon ba da lambobin CVE da kansu, suka kuma ɗauki matsayin cewa tun da ba su san inda kowa ke amfani da cibiyar ba, kusan duk kuskuren da zai iya zama rauni a wani wuri za su ba shi lamba. Sakamakon haka lambobin suka koma dubbai a shekara, yoyo iri iri a cikinsu, masu kula da injunan kamfanoni kuma suna ta kukan an cika musu tebur. Shawarar masu cibiya ita ce a daina tsince-tsince, a riƙa ɗaukar gyararren bugu gaba ɗaya. Mai uwar garke yana iya bin wannan shawara. Mai waya kuwa ba a hannunsa abin yake ba, domin kafin faci ya iso aljihunsa sai ya bi ta kamfanin da ya ƙera injin wayar, ya bi ta kamfanin da ya haɗa ta, kuma wayar da mai ita ya daina aiko mata da gyara tana nan da cibiyarta yadda take a ranar gyara na ƙarshe, da duk ɗigon da aka gano bayan nan. A cikin saitin kowace wayar Android, a sashen bayani game da waya, akwai layin da ke nuna lambar cibiya da wanda ke nuna ranar facin tsaro na ƙarshe. Muna roƙon kowa ya ciro tasa ya duba kafin a buɗe fagen tambayoyi, domin za mu so mu ji ranar da ta fi kowace tsufa a cikin wannan zaure.

Shugaban zama, a nan za mu dakata.